Jinjiri Haliru, Layi Biyu

Duk jaririn da aka haifa a ƙaramin asibitin nan na Batsari sunansa Jinjiri. Ba laifin kowa ba ne. Kwamfuta ba ta yarda a bar gurbin suna fayau, iyaye kuwa ba sa faɗin sunan ɗa sai ranar suna, ko da an yi masa huɗuba tun a ɗakin haihuwa. Inna Asta, ungozomar asibitin, ita ta samo mafita. Sai ta rubuta Jinjiri, ta bi shi da sunan uba. In uwa ta dawo rigakafi bayan suna, sai a gyara.

Muhsina ce mai kula da rumbun bayanan. Ta yi karatun kwamfuta a Katsina, wata ƙungiya da ke tallafa wa asibitin ta ɗauke ta aiki. Tana da son tsabta har abin ya so ya zama ciwo, irin mutanen nan da ba sa iya wuce karkatacciyar tabarma. Babu abin da ta tsana kamar ta ga mutum ɗaya da layi biyu a teburin bayanai, kuma teburin jarirai cike yake da su, domin in kwamfuta ta yi nauyi ma'aikata sai su yi ta danna maɓallin adanawa kamar masu dakan fura.

Da ofishin ƙungiyar ya ce a share maimaici, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta rubuta umarninta da SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi: duk layukan da suna da sunan uba da ƙauye da ranar haihuwa suka zo ɗaya, a bar mai ƙaramar lamba, a cire sauran. Ta fara gwadawa da SELECT, mai nuna layuka kawai, ta duba na saman, ta ga duk maimaici ne na gaske. Ta mayar da shi DELETE, mai gogewa, ta danna. Teburin ya yi tas, ta tashi ta sayi awara ta saka wa kanta.

Akwai kuma tebur na biyu, na sakamako. Jaririn da aka yi wa fargaba, ana ɗibar jininsa a aika Katsina, in an gama gwaji sakamakon ya shigo wannan teburin. Babu suna a ciki, lambar jariri ce kawai. Kowace safiya Muhsina takan haɗa teburan biyu da JOIN, lamba ta nemo lamba, sunayen waɗanda za a kira su dawo su fito. To shi JOIN ba ya cigiya. In lamba ba ta sami abokiyarta ba, yakan yar da ita ya yi shiru.

Ranar da abin ya fito, wajen hantsi ne, kuma ba nema take ba. Rahoton wata take haɗawa, sai ta ga sakamakon da ya shigo ya ɗara wanda ta fitar da guda ɗaya. Ta yi tsaki, ta canza umarnin zuwa LEFT JOIN, wanda ke fito da kowane layi ko da ba shi da abokin haɗi. Layi ɗaya ya tsaya a ƙasa. Lamba 3182. An ga ƙwayar cuta a jini, a dawo da jariri da gaggawa. A gurbin suna NULL, wato babu komai, a gurbin uba NULL, a gurbin ƙauye NULL. Kuma sakamakon ya kwana biyu da shigowa.

Ta nemi 3182 a teburin jarirai, babu. Ta nemi 3181, ya fito: Jinjiri Haliru, daga wani ƙauye a bayan Runka. Ta miƙe ta nufi ɗakin haihuwa.

Inna Asta na wanke hannu, wata mai naƙuda na nishi a bayan labule.

"Inna, kin tuna Jinjiri Haliru, na wajen Runka?"

"Wace daga ciki?"

"Kamar ya wace?"

"Ai tagwaye ne, 'yan mata. Na Larai, matar Haliru. Faya ta fashe mata tun a hanya, shi ya sa na ɗebi jininsu duka biyun. Me ya faru kike kallona haka?"

Muhsina ta faɗa mata. Ba ta ɓoye komai ba, don babu lokacin ɓoyewa. Suna ɗaya, uba ɗaya, ƙauye ɗaya, rana ɗaya. Umarninta ya ɗauka mutum ɗaya ne aka rubuta sau biyu, ya goge ta biyun, kuma ita ce mai cutar.

Inna Asta ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Ta dai goge hannunta ta ce, "Garin neman gira." Ba ta ƙarasa ba.

"Wace ce 3182, Inna? Hassana ko Husaina?"

"Ina zan sani? A zani ɗaya aka naɗe su, sai da na gama da uwar na zo na rubuta. Amma na manna wa kowace filasta a ƙafa da lambarta. Ki kira uban."

An kira, an sake kira, wayar ba ta shiga. Can wajen sai mutum ya hau tudu yake samun sabis. Inna Asta ta dubi labule, ta dubi Muhsina. Ba za ta iya barin mai naƙuda ba, motar asibiti kuwa direbanta ya rantse tun bara ba zai ƙara bin wannan hanyar ba.

"Jinjirin da cuta ta shiga jininsa ba ya jira," in ji Inna Asta. "Yau lafiya, gobe a ce ya ƙi nono, jibi a yi haƙuri. A kawo min su duka biyun."

Muhsina ta fita neman ƙanin mahaifiyarta, Kawu Armaya'u, ɗan acaɓa. Ta same shi a tasha yana cin dafaffiyar gyaɗa. Da ya ji inda za su, ya daina tauna.

"Ke kina da hankali kuwa? Dawa ta kai kan mutum. Ko shekaranjiya 'yan bindiga sun tare hanyar."

"Kawu, ni na yi ɓarnar."

"To ki yi istigifari a nan."

"In ta mutu fa?"

Ya zubar da ɓawon gyaɗar da ke hannunsa. Daga nan ya ce ta cire katin aikin da ke wuyanta, ta bar waya da jaka, ta ari tsohon hijabi. In an tare su, ita 'yarsa ce, barka za su, ba ta san boko ba, ba ta taɓa ganin kwamfuta ba. Kuma ko an samu ko ba a samu ba, la'asar ba za ta same shi a can ba.

Muhsina ta tashi a Batsari, ta san labarin hanyar kamar kowa, amma ji daban, bi daban. Da suka bar kwalta sai duniya ta yi tsit. Dawa ta rufe hagu da dama, ba ka ganin komai sai ganye, kuma kowane ganye da ya motsa sai ta waiga. Suka wuce wani ƙauye da babu kowa, rumbuna a buɗe, ciyawa ta fito a bakin masallaci. Tsoro ya kama ta sosai. Duk da haka, in ta rufe ido ba bindiga take gani ba, NULL ɗin nan uku take gani a jere.

A wata kwana Kawu Armaya'u ya kashe mashin ba zato, ya tura shi cikin dawa, ya ja ta suka duƙa. Sai a sannan ta ji abin da ya ji: ƙarar mashina da yawa, can gaba, suna tsallaka hanya. Ta cusa bakin hijabi a baki don kada haƙoranta su yi ƙara. Tururuwa na hawa ƙafarta, ba ta motsa ba. Ƙarar ta yi nisa, ta ɓace, amma Kawu bai tashi ba sai da tsuntsaye suka dawo da kuka.

"Mu koma?" ya tambaya a hankali.

Ta girgiza kai. Ba jarumtaka ba ce, komawar ce ta fi ba ta tsoro.

Sun isa bayan azahar. Gidan Haliru bai yi wuyar ganewa ba, domin akwai tabarmi a ƙofa, dattawa na zaune. Muhsina ta ce a ranta shirin suna ne, ta kuma faɗa wa kanta haka har sau uku. Amma babu rago a ɗaure, babu hayaƙin girki, kuma da Kawu ya yi sallama, amsar da aka ba shi a ƙasa-ƙasa take. Ta ji ya ce, "Ya haƙuri?"

Ta shiga cikin gida. Larai na zaune a bakin gado, idanunta sun kumbura, jaririya ɗaya a cinyarta. Wata tsohuwa, uwar Haliru, na gefe tana jan carbi. Muhsina ta durƙusa ta gaishe su, ta yi musu gaisuwar rashi, ta ce Allah Ya sa mai ceto ce. Sannan ta faɗi daga inda take.

"Da sahe ta koma," in ji tsohuwar. "Tun jiya ta ƙi nono. Mi ya kawo ki, ɗiyata, cikin wanga hali?"

"Iya, gwajin jinin da aka yi ne ya fito. Ɗaya daga cikinsu tana da ciwo a jini. Ina so in ga ƙafar wannan."

Larai ta buɗe zanin. Ƙafa ce 'yar mitsitsiya, fes, an shafe ta da man kaɗanya.

"Filastar fa?"

"Wanga abin da aka liƙa masu? Ni na ɓamɓare shi ran da na hwara yi masu wanka. Ana wanka da ƙazanta?"

Muhsina ta taɓa goshin jaririyar. Da ɗumi, amma ɗakin mai jego ne, garwashi na ci a kasko, komai da ɗumi yake. Ita ba ma'aikaciyar jinya ba ce, ba ta san ɗumin da ake tsoro ba.

Ta ce dole a tafi da yarinyar Batsari yanzu. Tsohuwa ta ce ba a taɓa yi ba, mai ɗanyen jego ta hau mashin, ga rashi, ga suna bai zo ba, ga hanya yadda take. Aka kira Haliru, dogo ne marar magana, ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara. Daga waje Kawu Armaya'u na ta gyaran murya, don inuwa ta fara tsawo.

Larai ce ta yi magana, karo na farko.

"Malama, wadda ta koma ce mai ciwon, ko wannan?"

"Ban sani ba."

"Ku da ke da na'ura?"

"Na'urar ta sani. Ni na goge."

Larai ba ta gane ba, kuma ba ta nemi bayani ba. Ta dubi mijinta, ta miƙe da ƙyar tana dafa bango, ta jawo mayafi. Tsohuwa ta buɗe baki, Haliru ya ce, "Inna, na binne ɗaya yau." Ya fita ya tayar da mashin ɗinsa.

Larai ba ta da ƙarfin riƙe kanta da jaririya a kan wannan hanya, don haka aka goya wa Muhsina ita, aka ɗaure da zani biyu, hijabi ya rufe. Haliru da matarsa a gaba, su a baya. Suka sake shiga cikin dawa, rana ta karkata, Kawu na gudu yana karanta duk addu'ar da ya sani.

Muhsina na jin numfashin yarinyar a tsakiyar bayanta, ƙarami, da sauri. Tana ta lissafin da ba ta so ta yi. In wadda aka binne ce 3182, to wannan lafiyarta ƙalau, kuma yatsanta ne ya hana a kira su tun ana iya ceto. In kuwa wannan ce, waccan kwananta ne ya ƙare, kuma akwai sauran lokaci, in sun isa.

Sai da suka wuce ƙauyen da babu kowa ta lura da abin da bakinta ke faɗa. Ta tsorata da kanta, ta yi ƙoƙarin dainawa, ta kasa. Roƙon Allah take yi Ya sa yarinyar da ke bayanta ita ce mai cutar.