Awon da ke cikin wayar tela

Wata biyu da rasuwar tela, wayarsa ba ta daina ƙara ba. Matarsa ta ajiye ta a aljihun teburin yanka, tare da alli da tef ɗin awo, kuma duk farkon wata sai ta ji ta tana tsuwwa kamar ɗan tsako. Banki ne ke sanar da an cire kuɗi. Ita karatunta bai yi nisa ba, sai ta bi harafi da yatsa, amma ta san lamba in ta gani, ta kuma ga ɗan abin da ya bari yana zaizayewa.

Ta aika aka kira ƙanin mijin, wanda kowa a gidan ke ce wa Akawu, don ko ruwa aka ba shi sai ya tambayi nawa aka saya. Ya zo shagon da hantsi, ya zauna a kujerar keken ɗinki, ya riƙe wayar nesa da idonsa.

"Matar yaya, mijin nan naki hannunsa a buɗe yake har cikin waya. Abu huɗu yake biya duk wata."

"Bar shi ya huta. Karanta mini."

"Tashoshin talabijin, ɗaya. Waƙoƙi, biyu. Labarin ƙwallo, uku. Mutum ya riƙa biyan kuɗi don a sanar da shi an sake cin ƙungiyarsa!"

Dariya ta kuɓuce mata, ta yi saurin haɗiye ta.

"Na huɗu, wani abu mai hoton almakashi."

"Na mene ne?"

"Oho. Wasan waya ne, ina ji. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe, sauran na yanke su. Yanzu ba da ba ne."

Ba ta yi dogon tunani ba. Daga ɗakin da ke bayan shagon ana jin talabijin, ana kuma jin muryar Inna, mahaifiyar marigayin, tana faɗa da mutanen cikin talabijin ɗin. Tsohuwar ba ta gani sosai, amma tun da aka fita da ɗanta ba ta iya zama a shiru. Da safe a kunna mata, ta wuni tana ce wa wata a cikin fim, "Ke banza, kada ki yarda da shi."

"Bar wa Inna talabijin ɗinta," in ji matar tela. "Sauran yanke."

Akawu ya danna nan, ya danna can, ya miƙa mata wayar yana kakkaɓe hannu kamar wanda ya gama noma.

Shekara goma sha tara suka yi a shagon nan, aikin a rabe. Shi ke awo, shi ke yanka. Ita ke haɗawa, ta kalmashe baki, ta sa maɓalli, ta yi guga. Mutanen unguwa ba su ne ke riƙe da gidan ba, su sai gyaran zif da rage wando. Masu riƙe gidan su ne na nesa, waɗanda aiki ya kai wasu garuruwa amma suka ƙi canza tela. Sai dai su ba direba yadi, bayan kwana goma a mayar musu da kaya ɗinkakku.

Sati uku da zuwan Akawu, direba ya tsaya a ƙofar shago ya miƙo leda. Yadi ne fari mai nauyi, irin wanda in ka ɓata ba ka da bakin ba da haƙuri. A jiki an manna 'yar takarda: "Daga Likita. Kamar yadda aka saba."

Daɗi ya kama ta. Shi ne na farko da ya aiko tun rasuwar. Ta jawo tsohon littafin awo daga ƙarƙashin tebur, ta bi shafi-shafi. Rubutun ya tsaya tun shekara huɗu da suka wuce, sauran takardun farare fes. Ta sake bi daga baya zuwa gaba. Ta duba bayan kalanda, ta zazzage kwalin zare. Babu.

Ta daure ta kira Likita. Ya yi mata gaisuwar rashi, ta amsa, sannan ta ce cikin jin nauyi ko zai aiko da awonsa.

"Awona? Ai yana cikin wayar maigidanki. Mu duka a nan yake ajiye mu, a wata manhaja mai hoton almakashi. Ni rabona da tef ya taɓa jikina na manta. Na ce bari in gwada ki da wannan, abokaina ma suna tambaya ko shagon yana nan. In da wahala ki faɗa mini, akwai teloli a nan kusa."

"Babu wahala, ranka ya daɗe."

Ta katse kiran, ta buɗe wayar marigayin. Ta danna hoton almakashin. Wani rubutu ja ya tare ta, ya ƙi wucewa. Akawu ya zo da rana tsaka, ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Wai an rufe. In ba a biya ba nan da kwana biyar, za su goge komai."

"Wasan waya, ko? Akawu, wasan waya!"

"To ni na sani ne? Da ya rubuta a littafi kamar kowa..."

"Da bakinka ka ce, ina ji. Ni kuma da na biye maka na fi ka wauta."

Ya miƙa mata wayar. Can ya ce a hankali, kuɗin ya tashi, tsohon farashin ya tafi da yankewar da aka yi, yanzu kusan ɗaya yake da na talabijin. Shi kuma albashi sai ƙarshen wata, ta san halin da ake ciki. Ta sani. Shekaranjiya ta biya hayar shago, abin da ya saura a hannunta na abu ɗaya ne, kuma na talabijin jibi zai ƙare.

Ta shiga ɗakin baya, ta durƙusa gefen tabarmar Inna, ta rage ƙarar talabijin ta faɗa mata komai, ba ta ɓoye ko laifinta ba.

Tsohuwar ta juyo wajenta.

"An ɗauke mini ɗa," ta ce. "Yanzu 'yan surutun nan da ke taya ni zama su ma sun tsone muku ido."

"Inna, wata ɗaya ne. In kwafe awon a littafi."

"Ki yi yadda kika ga dama, gidanki ne. Ni baƙuwa ce."

Maganar ta soke ta, amma ta tashi ta je ta biya.

Ranar da talabijin ya ɗauke, allonsa ya koma shuɗi, Inna ta ƙi a kashe. Ta zauna tana fuskantarsa, abincinta a rufe a gefe. Matar tela tana jin shirun nan ta bango, ya fi kowace ƙara damunta.

Ta sayi sabon littafi, ta zauna a teburin yanka ta buɗe manhajar. Mutum ɗari biyu da goma sha uku. Bai sa sunan kowa ba, yadda yake kiransu a shago haka ya rubuta: Hedimasta, Mai Kantin Magani, Dogon Banki. Ƙarƙashin kowane akwai kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, tsawo. Sannan a ƙasa, 'yar magana. Da yake ba ta iya karatu a zuci, sai ta riƙa furtawa tana kwafa.

"Hedimasta. Kafaɗar hagu ta fi sauka, a cike ta kaɗan. Likita. Ya ƙara tumbi, a ƙara inci biyu a kan awon, kada a gaya masa."

Ta dafe baki. Muryarsa ce sak, har da yadda yake rage sauti in zai yi gulmar kwastoma.

Ba ta ji shigowar Inna ba, sai ƙarar sandarta. Tsohuwar ta laluba ta zauna a bencin masu jira, ta juya fuska waje kamar iska ta fito sha.

"Ci gaba mana. Wa ya ce ki tsaya?"

Ta ci gaba. Wajen mutum na arba'in ta tsaya da kanta.

"Mene ne?"

"Ke ce, Inna."

"Karanta."

"Inna. Ba ta son wuya matsattse. Za ta ce yadin ya yi tsada, a ce mata ragowar yadin kwastoma ne."

Tsohuwar ta shafa rigar da ke jikinta, daga wuya har gwiwa.

"Maƙaryaci," ta ce. "Shekara nawa yana yi mini ƙarya, ɗan nema." Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Matar tela ta bar ta, don ita ma ba ta ganin lambobin da ke gabanta.

Washegari ta shimfiɗa farin yadin. Ta auna sau uku, ta ja alli, ta ƙara inci biyu. Almakashinsa ya yi wa hannunta girma, sai da ta naɗa ƙyalle a yatsa. Ta yi bisimilla ta yanka.

Kwana goma sha biyu bayan nan Likita ya kira. Ya ce jikin ya zauna daidai, har yana mamaki tsohon awo bai matse shi ba. Wuyan ne dai bai kai na marigayi ba, ta ƙara lura. Zai aiko da wani yadin guda, abokinsa ma guda, sauran sun ce sai sun gani tukuna.

Ta yi godiya, ta koma kan littafin. Saura kwana tara wata ya cika, ita kuma tana kan mutum na ɗari da ashirin da shida. Talabijin na nan da shuɗin allonsa. Inna ta gyara zama a benci, ta buga sanda a ƙasa.

"Ke, rana na tafiya. Wa ke biye da Dogon Banki?"