Ɗigon Fenti a Akwatin Sitiyari

Duk wanda ya taɓa zama da Stan Wojcik a kulob ɗin tsofaffin motoci na garin Gawler ya haddace labarinsa. Ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha uku, ya yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar motoci, inji ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama, likitoci sun yanke masa rabin huhu, amma ga shi daram. Kuma kullum sai ya rufe da cewa duk faɗin masana'antar nan ba a taɓa yin mai tsabtar aiki kamarsa ba.

Abu ɗaya ne ya gagare shi: kofin gasar motoci. A gasar nan, motar da ta fi kama da ranar da ta fito daga masana'anta ita ke ci. Bana ce damarsa ta ƙarshe, don idonsa ya yi rauni, an ce za a karɓe lasisin tuƙinsa bayan Kirsimeti, motarsa kuwa ƙirar 1968 za a sayar.

Wata takwas ya yi a gareji a kan kayan sitiyari kawai. Ya kwance akwatin, ya goge shi har yana ganin haƙoransa a jiki. Sannan ya zo kan alamar fenti ruwan ɗorawa da ake sawa a masana'anta, shaidar an ɗaure kusoshi. Da siririn burushi ya zana ta, zagayayya kamar kwabo.

"Kai tsoho," in ji matarsa Beryl daga bakin ƙofa, "da ka goge kicin rabin haka, da tuni na ba ka kofi da kaina."

"Ke dai tanadi wurin ajiye shi."

Ranar Lahadi aka jera motoci a filin ƙwallo. Alƙalin gasar, Dakta Pemberton, likitan haƙori ne. Ya shimfiɗa tabarmar roba, ya kwanta ƙarƙashin motar Stan da tocila da ɗan madubi. Ya daɗe. Da ya fito sai ya girgiza kai.

"Baba, aikinka ya yi kyau. Matsalar ke nan."

"Kyau ya zama laifi?"

"A nan, laifi ne. Masana'anta ba ta goge akwati. Alamar nan kuma ba haka take ba." Ya buɗe littafin alƙalai, ya nuna hoto. Fenti ne aka yaɓa a karkace, ya dalalo ta hagu, har ya ɓata kan kusa ɗaya. "Duk motocin da suka fito daga Maris zuwa Satumba na shekarar haka suke. Ba mu san wane ne ma'aikacin ba. Mu dai muna ce masa Ƙazamin Hagu. Maki huɗu zan cire."

Stan ya kai hoton dab da idonsa. A wancan Maris ɗin ne inji ya ci yatsunsa. Aka ɗauke shi daga injin, aka ba shi gwangwanin fenti, ya yi wata bakwai yana yaɓe da hagu, yawanci yana tauna burodi da nama, yana zagin fomansu. Shekara hamsin da ɗoriya bai tuna da wannan aiki ba.

Idan ya yi magana, wataƙila a tausaya a mayar masa da maki. Amma ga 'yan kulob sun kewaye shi, mutanen da ya cika wa kunne da tsabtar aikinsa.

Dakta ya ce, "Baba, ai a can ka yi aiki. Ko ka san shi?"

Stan ya cusa hannun dama cikin aljihu. "Ban san shi ba. Da na gan shi, da na sa an kore shi."

Kofin ya tafi hannun wani lauya, Hugh Tregenza. Da aka ba shi lasifika ya yi bayanin sati uku da ya yi yana koyon ɗigon nan da sirinji, ya ɓata akwati biyu kafin ya dace. Ya ɗaga kofin ya ce, "Wannan na Ƙazamin Hagu ne, ko yana raye ko ya mutu!" Aka tafa.

Beryl ta tafa fiye da kowa. A hanyar gida ta ce, "Ni na riƙa wanke rigunan aikin nan naka, tsoho. Hannun hagu duk ruwan ɗorawa."

Stan ya ci gaba da tuƙi har suka wuce fitilar hanya biyu. Can sai ya gyara zama, ya buga sitiyari da tafin hannu.

"Kin dai ji da kunnenki. Lauya guda, da digirinsa, sati uku yana fama da abin da nake yi ina cin abinci."

"To ka koma ka faɗa musu."

"Ba zan faɗa ba. Kuma ɗigonsa ma ya yi gajarta."