Tulun Da Ban Ɗauka Ba

...ashirin fa take so. Kilo ashirin. Ta tura sikelin nan ƙarƙashin ƙafata ta hagu, mai karayar, ta ce in danna har allurar ta hau ashirin. Ni kuwa ga ni tsakanin ƙarafa biyu, hannu ɗaya nan ɗaya can, gumi na bin gadon bayana, allura na kan huɗu. Huɗu, Baiwa. Rabinsa ma nauyin takalmi ne.

"Hajiya Nazifa, ashirin ɗin ga jarka guda ta ruwa ce hwa. Aza ƙahwa."

Ebunoluwa ke nan, mai yi mini gashin ƙashi. 'Yar masu shagon kwanuka a kasuwa, haihuwar unguwar Badariya, Kabancinta ya fi nawa tsami tunda ni ofis ya wanke mini baki. Jarka guda... Wa ya gaya mata? Ko dai an rubuta a goshina cewa ban taɓa...

A'a. Ba ta san komai ba. Magana ce kawai ta zo bakinta.

Ina ganinki ta tagar nan, Baiwa. Gindin dogonyaro. Ga benci babu kowa a kai, amma kina tsaye. Tsaye! Wa ya aike ki? Kin sauke rabin buhun shinkafar da kika taho mini da shi daga Gulma, kin dafa ƙugu, kina ta surutu da mai sayar da ayaba kamar tare aka yaye ku. Kin dogara a kan ƙafar dama... ta dama fa, mai ƙarfe a ciki. Ke ƙanwata ce, nono ɗaya muka sha, amma wallahi yau kallonki zafi yake mini. Kishi nake yi. To na faɗa. Kishin ƙafarki nake yi, ni da shekara arba'in da takwas da ɗiya uku.

Mota ɗaya fa. Kujera ɗaya. Wata biyar ke nan — muna dawowa daga suna a Argungu, taya ta fashe, kujerar gaba ta dawo kanmu. Ni ƙwaurin hagu, ke ƙwaurin dama. Jakata na kan cinyarki, da kular abincina, don na ce kafaɗata ta gaji. Likita ɗaya ya zura mana ƙarfe iri ɗaya, rana ɗaya. Gado da gado muka kwanta. Magana ɗaya ya yi mana ranar sallama: mako shida ku huta, daga nan ku fara takawa kaɗan-kaɗan da sanduna, ƙashi yana son a taka shi. Ya ma rubuta a takarda.

Ke da ba ki iya karanta takardar ba kin bi ta. Ni da na iya... tana ƙarƙashin filo har yau, ninki huɗu.

To ya zan yi? Gidana ya cika. Munzali, mijin kirki, ya sayo keken marasa lafiya tun ban nema ba. Gwaggonsa ta tare a ɗakina da tabarmarta. In na sauko da ƙafa ɗaya daga gado sai ta zabura: "Kul, ɗiyata, ɗanyen ƙashi na." A kawo buta. A kawo tasa. Salla a zaune. 'Yan shila kullum, wai suna haɗa ƙashi, na ci tantabarun da suka isa cika kasuwar Gwadangaji. Matan ofis suna shigowa da lemu suna cewa, kai Hajiya, ke kam 'yar gata ce, Allah ya ba mu mijin da zai yi mana haka. Wace mai jinya ce za ta tashi tana ɗingishi a gaban baƙi, a ce danginta sun gaza? Abin kunya ne gare su. Haka na gaya wa kaina — don mutuncinsu nake kwance.

Ƙarya nake. Daɗi nake ji.

Har waya nake yi miki, kin tuna? Mako na bakwai, ina jin ƙarar itace a wuta ta bayanki. Wai kin ja sanduna kin je murhu, shinkafar mutane na jiƙe, in ba a turara ta ba za ta lalace. Mijinki Sirajo yana fadama tun asuba, yara suna makaranta. Na ce, Allah sarki Baiwa, ba ki da mai yi miki. Na ajiye wayar, na gyara filo, na ce a miƙo mini ruwan sanyi. Tausayinki ma daɗi yake mini a baki, ashe... ashe ni ce abin tausayin.

Biyar. Allurar ta motsa ko idona ne?

Ɗazu da safe... hotunan ƙashin nan biyu a jikin fitila. Shi ma likitan, me ya sa zai jera su? Don mun shiga tare? Naki a dama. Fari tas, gefensa kauri, inda ya karye ya yi wani dunƙule kamar an ɗaure shi da rawani. Ya ɗan buga shi da biro yana murmushi: wannan ya haɗe, Malama Baiwa, ki je abinki. Kika rufe baki da mayafi kina dariya. Sai nawa. Toka-toka. Gefen siriri, ana ganin ƙarfen ta cikinsa, ga layin karayar nan baƙi, buɗe, kamar jiya aka yi. Bai yi murmushi ba. Ya ce, Hajiya, kina takawa kuwa? Na dubi Munzali. Munzali ya dubi ƙasa.

Mako shida ya ba ni. In bai fara haɗewa ba, a koma ɗakin tiyata, a yanko ƙashi daga ƙuguna a cike gurbin. A sake yanka ni. Wuri biyu wannan karon.

Kin san abin da na yi lokacin da yake yabon hotonki? Na matsa da kekena. Ido na zuba ina neman tsaga. 'Yar ƙarama ma, ko kamar silin gashi, wadda bai lura da ita ba, in nuna masa in ce, likita, nan fa? Astagfirullah. Ƙashin ƙanwata. Ban samu ba, kuma rashin samun ya ɓata mini rai.

An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ga taki nan buhu-buhu, kwashi ki kai fadamar Sirajo.

Ni duk zatona ƙashi kamar azara yake. An kafa, an gama, sai dai ya tsufa. Ebun ta ce a'a, Hajiya, mai rai ne, jini na shiga yana fita. Ta ɗauko wani na roba da aka tsaga biyu ta nuna mini: bayansa ɓawo mai tauri, can wajen kan kuma cikinsa saƙa ce kamar soson wanka, zare-zare, ɓargo a tsakani. Wai zaren nan ba haka kawai suke ba, layi suke bi, duk inda nauyi ya saba bi nan suke jeruwa su tokare. Wai akwai 'yan ƙwayoyi iri biyu da ba sa hutawa — masu rushe tsoho, da masu gina sabo. Akwai kuma wasu binne a cikin ɓawon, aikinsu saurare. In kin taka, ƙashin ya ɗan lanƙwasa, kaɗan ƙwarai yadda ido ba ya gani, sai su ji, su aika a kira magina: nan ana aiki, a ƙara. In shiru... in wata biyar shiru... sai su ce gidan nan ba kowa. Magina su tafi. Masu rushewa kuwa ba ruwansu, kullum suna zuwa.

Wato ina kwance ana mini fifita, ana kwashe ni ta ciki. Ina tsotsar ƙashin ɗan shila, nawa na zubewa. Jiki magayi, ai ga shi ya gaya.

Da ta tsaya nan da sauƙi. Sai ta ƙara da cewa yawancin ƙashin mace tun tana yarinya take tara shi, kafin ta kai shekara ashirin da wani abu. Rumbu ne, in ji ta, abin da kika zuba da ƙuruciya shi za ki ci da girma. Gudu, tsalle, daka, ɗaukar kaya...

Daka. Ɗaukar kaya.

Hanyar gulbi, rairayi na ƙona tafin ƙafa. Tulu biyu Inna ta saya, ɗaya nawa ɗaya naki, nawa ma ya fi girma tunda ni ce babba. Ina da shekara goma sha ɗaya. Na kai shi bakin ruwa sau ɗaya, na cika, na ɗaga, na ji kamar kaina zai shige cikin ƙirjina. Na dire shi. Na koma gida na kama wuya ina kuka. Inna, wuyana. Ta shafa mini man shanu. Washegari ma wuyana. Baba ya ce a ƙyale ta, Nazifa ta boko ce, kanta na karatu ne ba na gammo ba. Shi ke nan. Kika koma sawu biyu — naki, sannan nawa. Kullum. Shekara nawa? Ina zaune a zaure da littafi a cinya, ina ganin wucewarki, ruwa na zuba a fuskarki, 'yan ƙafafunki na rawa. Turmi ma haka. Dakan da aka raba mana, in na yi luguden farko sai wuya ya tashi. Dammunan shinkafa daga fadama... wuya.

Wuyana bai taɓa ciwo ba, Baiwa. Ko sau ɗaya.

Na ɗauka na ci riba. Duk rayuwata na ɗauka ke ce mai kishina: ni da ofis mai fanka, da mota, da hannu mai laushi, ke da hayaƙin turara da kanta a tafin hannu. In na zo Gulma ina kallon idonki ina neman kishin, in ban gani ba in ce ɓoyewa kike yi. Ashe kowane sawu da kika yi mini, maginan nan suna bin ki suna liƙa miki. Farin nan da likita ya buga da biro — rabinsa nawa ne. Rabona ne. Tuluna ne ya gina shi. Ƙashina ne kike tsaye a kansa gindin dogonyaro kina cinikin ayaba, ni kuma an bar ni da...

Wa ya ƙwace? Ni na miƙa miki. Da hannu biyu, har da kuka.

To ki maido mini. Ta ina? Ko shi ma yankowa za a yi?

Shida. Zafi ya taso daga ƙwauri ya soki gwiwa. Zai karye. Na rantse zai sake karyewa, ina jin sa. Ebun ta ce ƙarfen na riƙe da shi, ashirin ba ta yi masa komai, zafin nan sallama ce ƙashin ke amsawa. Ita ƙafarta lafiya lau, me zai hana ta iya magana.

Ina kika shiga? Babu ke a gindin bishiyar. Buhun na nan...

Takunki. Na san shi tun kafin ƙofa ta buɗe, ɗas, ɗas, duka biyun daidai, ko ɗan jan ƙafa babu don ki rage mini. Zumunta a ƙafa take, ai dole, mai ƙafa ita ke zumunci. Warin hayaƙi da sabulu. Ba ki ko yi sallama da kyau ba kin zagayo bayan ƙarfen, kin cusa kafaɗarki ƙarƙashin hammatata. Kamar kullum. Ba wanda ya ce ki yi.

"Yaya, jingino. Aza min nauyin." Sai kika rage murya, bakinki dab da kunnena, da 'yar dariyar nan taki. "Ko wuyan na yat tashi?"

...

Kin sani.

Tun yaushe? Tun ranar man shanun? Kina 'yar shekara tara, kin sani, kika ɗauki gammo kika koma gulbi. Shekara talatin da bakwai ba ki faɗa wa Inna ba, ba ki faɗa mini ba, sai yau, kuma da dariya. Ko haushina ba ki ji ba? Ko wannan ma sai kin fi ni?

Daɗi kafaɗar nan. Faɗi gare ta, tauri, jikina ya san wurin, ya tafi da kansa ya kwanta. Zafin ya ɗauke ɗif. Na sauke ajiyar zuciya, na dubi ƙasa.

Allura ta koma sifili.

Ebun ta dubi sikelin, ta dube ni, ta harɗe hannu.

Sifili. Ga shi nan a rubuce, abin da kike yi mini tun muna yara, da abin da nake bari ki yi. Ki riƙe ni mako shida haka, da ƙauna, da shinkafa, da kafaɗa, su kai ni su yanka.

"Sake ni."

Ba ki ji ba. Ko kin ji ba ki gane ba — yaushe na taɓa faɗa miki haka?

"Baiwa, sake ni. Matsa."

Kin zare kafaɗar a hankali. Fuskarki kamar na mare ki. Kin ja baya taku ɗaya, ɗaya tak, hannunki na nan a buɗe kusa da gwiwar hannuna, bai taɓa ni ba, bai kuma tafi ba.

Uku. Biyar. Wayyo Inna... bakwai. Akwai mai saurare a cikin nan kuwa, ko sun gaji sun tashi? Ga ni, ina bugawa. Gidan da mutum. Tara. Gumi ya shiga idona, lambobin na rawa. Kada ki taɓa ni. Don Allah kada ki yi nisa. Goma sha ɗaya...

Rabin tulu ke nan. Rabi kawai. Kuma daga gulbi zuwa gida da nisa, ke kika san nisan, ni ban taɓa...

Goma sha ɗaya. Tana rawa a kan goma sha ɗaya.