Wushirya Ɗigo Ɗaya

Mai Ɗigo ake ce wa mijinta a wurin aiki, don hotuna masu motsi yake yi, irin 'yan ƙananan nan da ke rawa a fuskar waya, waɗanda ba su wuce farcen babban yatsa ba. Ita dai ba ta taɓa gane kan aikin ba. Abin da ta sani, mutum ne da zai wuni yana matsar da ɗigo ɗaya, ya kanne ido, ya ja kujera baya, ya dawo ya mayar da ɗigon inda ya same shi.

Kafin ciwo ya kwantar da shi, ya ce yana yi mata wani abu. "Saura dahuwa," in ji shi. Haka suke cewa idan an gama zane, an bar kwamfuta ta haɗa shi ya fara motsi. Bai kai ga dahuwar ba.

Rannan Dogo, abokin zamansa a ofis, ya kira ta. Ya ce da yamma za a share kwamfutar marigayi a ba sabon ma'aikaci, ta zo ta kwashe kayansa, kuma ya ga wani aiki da aka rubuta wa "Nata".

Ta tarar da teburin yadda ya bar shi, har da kwalin da ya cusa a ƙarƙashin guntuwar ƙafar.

"Matar yaya, zauna nan," in ji Dogo. "Yau babba zan dafa miki. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa a hoto kamar ƙwayar wake. Ko sau ɗaya dai ya cika bango."

Ya haɗa kwamfutar da babbar talabijin. Fankar kwamfutar ta yi ta huci kamar mai hawan tudu, ita kuwa ta riƙe bakin mayafinta tana jira.

Can sai abin ya fito. Wasu murabba'ai ne manya kamar bulo, ja da baƙi, suna tsalle. Ga wani abu kamar kai, ba hanci ba ido, da wani farin bulo yana ƙiftawa a tsakiyarsa.

"Wannan ne nawa?" ta ce a hankali.

Dogo ya sosa ƙeya. "Wataƙila ciwon ya riga ya taɓa hannunsa."

Wannan maganar ta fi hoton yi mata zafi. Ta kau da kai don kada ya ga idonta, sai kallonta ya sauka a kusurwar kwamfutar, inda wata 'yar taga ke motsi.

"Dogo, wancan fa?"

"Na gwaji ne, ba komai."

Ta matsa kusa. Mace ce a ciki, hannuwanta biyu riƙe da kofuna. Ta ture ƙofa da ƙugu, ta shigo, ta maido ta da diddige. Sannan ta juyo ta yi murmushi, ɗan farin ɗigo ya haska a bakinta, da siririn duhu a tsakani. Wushiryarta ce.

"Ni ce," ta ce. "Wallahi ni ce! Kullum sai ya ce ƙofar nan wata rana za ta kai ƙarata."

Dogo ya dafe kai. "Kai, ni da tsawon banza! Shekara nawa yana faɗa mini, abin da aka yi wa ƙaramin wuri a bar shi ƙarami. Dubi diddigen nan, matar yaya. Ɗigo biyu ne fa kawai, amma sai ka rantse ka ji ƙarar ƙofar. Mu da muke cika bango ba mu iya wannan ba."

Ya sake dafawa daidai yadda marigayi ya tsara. Ko huci kwamfutar ba ta yi ba, nan take ya fito. Ya tura mata a waya.

"Babban fa, in ajiye miki?"

"Share shi. Ba haka ya gan ni ba."

Ta soke wayar a jaka, ta rungumi kwalin kayansa da hannu biyu. Dogo ya zabura zai buɗe mata ƙofa.

"Bar ta," ta ce. "Na iya."