Murfin da Ya Gagari Baba

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta ƙaraso, kunnuwanmu na wurinki."

Akwai wata mata da ke aiki a wani kamfanin haɗa magunguna, can bakin gari inda manyan motoci ke juyawa. A gida Auta ake ce mata. A wurin aiki kuwa Uwar Murfi suke kiranta, kuma ba ta jin haushi, domin ita ce shugabar sashen da ke tsara kwalabe da murafansu. Ita ta fito da wani murfi da ba ya buɗuwa sai an danne shi da tafin hannu an murɗa a lokaci guda. Saboda yara aka yi shi. Kun dai san yaro da ƙiriniya, ya ga ƙwayar magani mai launi sai ya ɗauka alewa ce.

Ana nan sai matasan ma'aikata suka fara sulalewa zuwa wasu kamfanoni. Manaja ya tara waɗanda suka rage ya tambaye su dalili. Suka ce sun gaji da fita yaransu na barci, su dawo yaransu na barci. Shi Manaja akwai taurin kai, amma ba ya wasa da abin da zai rushe masa aiki. Ya yarda duk wanda aikinsa na kwamfuta ne ya riƙa yin wasu ranaku daga gida.

Auta ta fi kowa murna, saboda mahaifinta. Baba tsohon makaniki ne, tun rasuwar mahaifiyarsu yake zaune a wurinta. Yana da hawan jini, maganin da yake sha kuma na kamfaninsu ne. Sai dai likita ya rasa gane kansa, yau jinin ya sauka, gobe ya hau. Ya ce in aka dawo awo bai daidaita ba, zai ƙara masa wani magani mai ƙarfi, wanda bai so ya ɗora wa tsoho. Wannan magana ta tsaya wa Auta a rai.

Ta kafa teburinta a falo, jikin taga. Daga nan ta lura kullum da safe Baba zai zura hannu a aljihun riga, ya tsallaka titi zuwa shagon wani tela, ya ɗan jima, ya dawo. In ta tambaya sai ya ce gaisuwa ya je, zumunci a ƙafa yake. Ranar nan aka wayi gari shagon a rufe, tela ya tafi saro yadi. Baba ya tsaya a bakin ƙofar shagon kamar wanda mota ta tafi ta bari, sannan ya dawo ya shige ɗaki.

Da tela ya dawo, Auta ta ɗauki wata riga da zif ɗinta ya lalace ta kai masa. Suka gaisa, ta yi ta kewaye-kewaye, shi kuma yana ta kaucewa. Da ya ga ba za ta tafi ba, ya tsayar da keken ya ce tsohon nan kwalbar magani yake kawo masa ya buɗe. Yatsunsa sun sandare, ba sa iya dannawa da murɗawa tare. Duk ranar da shago ke rufe kuwa, to ranar babu shan magani.

"Amma 'yata, ni ban gaya miki komai ba," in ji tela. "In ya tambaya, ki ce keken ɗinki ne ya yi surutu."

Auta ta dawo gida. Murfin da ake yaba mata, shi ke hana ubanta shan magani. Ta kuma san halin mutumin nata. Wanda ya yi rayuwarsa yana kwance injin mota ba zai miƙa wa 'yar cikinsa kwalba ya ce ta gagare shi ba. Ta gwada dabara, ta sassauta murfin ta ajiye. Baba ya fito yana faɗa, wai wa ya bar masa magani a buɗe, alhali ita da bakinta ta ce iska na lalata shi, ga kuma 'ya'yan yayarta da ke zuwa suna birkita ɗaki. Ya rufe abinsa ƙam.

Sai ta kai maganar gaban Manaja. Ya ce shi tunda aka fara murfin nan ko mutum ɗaya bai kawo ƙorafi ba. Ta ce ai wanda abin ya gagara ba ya zuwa ofis, wurin maƙwabci yake zuwa. Ta roƙi a gayyato tsofaffin da ke shan maganin, a ajiye musu kwalabe a gani, tunda gani ya kori ji. Manaja ya daɗe yana faɗa a taro cewa zamani ya canza, dole a saurari masu shan magani. Yanzu maganarsa ta kama shi, sai ya amince.

Saura shawo kan Baba. Da yamma ta kai masa shayi, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Baba, murfin nan ni na yi shi, kuma ban yi shi daidai ba. Ina neman hannun da zai nuna mini inda na kuskure."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Telan nan bakinsa ya fi almakashinsa kaifi."

"Ya ce keken ne."

Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa. Ya ce zai je, amma don ya ga inda take aiki ne kawai.

Ranar taron aka zaunar da tsofaffi a ɗakin da manya ke shawara, ga dogon tebur, ga na'urar sanyi har wata ta nemi a rage. Aka ajiye wa kowa kwalba. Da farko kowa na ta fama, yana satar kallon na kusa da shi. Baba ya danna, ya murɗa, kwalba ta suɓuce ta gangara har gaban Manaja. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sai wata tsohuwar malamar makaranta ta ce, "Malam, kai ma ƙofa kake sa wa?"

Ya ce wace ƙofa? Ta ce ita a bayan ƙyauren ɗakinta take matse murfin, ta murɗa kwalbar da hannu biyu, har ƙyauren ya yi tabo. Wani ya ce shi ƙusa ya gasa ya huda murfin. Wani kuma ya ce da haƙori yake yi, har haƙorin ya riga murfin fita. Dariya ta ɓarke, har da masu share hawaye. Baba ya gyara zama ya ce shi tela gare shi.

"Ashe kai babban mutum ne," in ji malamar. "Mu ƙofa muke roƙo, kai har da ma'aikaci."

Manaja ma dariya yake yi, har sai da ya tambaye su yadda suke yi in dabarar ta ƙi. Suka ce sai a haƙura, gobe ma rana ce. Nan murmushinsa ya ɗauke. Kafin a tashi ya ce wa Auta ta ajiye duk abin da ke gabanta ta kama wannan.

Kada ku ɗauka washegari aka gama. Ita da wani injiniya da suke kira Dogo sun sha fama. Murfin farko tsofaffi suka buɗe, yara ma suka buɗe. Na biyu ya gagari kowa, har Dogon kansa. Ga hukumar kula da magunguna kuma da nata gwaje-gwajen. Watanni suka shuɗe. Amma tun daga ranar taron Baba ya daina ɓoyo. In shagon tela na rufe, sai ya dangwarar da kwalbar a kan teburin Auta ya ce, "Ungo, buɗe ɓarnarki." Ta buɗe, ya sha, ya wuce yana mita.

Daga ƙarshe suka dace da murfi mai fuska biyu. In an rufe ta fuska ɗaya, yana nan da tsaurinsa saboda yara. In an juya shi, sai ya murɗu cikin sauƙi, ga faffaɗan baki da hannu zai kama. Auta ta kawo na farko gida ta ajiye a kan tebur. Baba ya juya shi, ya duba gaba da baya yadda yake duba kayan gyara, ya murɗa, ya buɗe. Ya rufe ya sake buɗewa. Sannan ya ce ba laifi, amma launin bai yi masa ba.

Jinin Baba ya daidaita, likita bai ƙara masa komai ba. In jikoki za su zo yakan juya murfin ta fuskar tsauri ya ɗora kwalbar a saman kabad. Dogo ya samu ƙarin girma. Manaja ya mayar da taron tsofaffi abin yi duk lokacin da za a fito da sabon kaya, malamar makaranta kuwa ita ke fara zuwa. Tela ya ɗauki yara biyu masu koyo, ya faɗaɗa shagonsa. Auta tana nan a sashenta, yanzu rubutun jikin kwalba take fama a ƙara wa girma.