Ƙarar Famfo a Bayan Muryar Mama

…kuma wai "don Allah Yaya, ke da kika iya kwamfuta." Yau na iya kwamfuta. Yau na zama Yaya. Ƙasar kabarin Mama ba ta gama kwanciya ba, ke Auta kin turo min saƙon muryar da ta yi miki tana jinya, wai in cire hayaniyar da ke bayansa, kina so 'ya'yanki su ji kakarsu fes.

Ga ni a shagon da nake aiki, maigida ya fita cin abinci, injin buga takardu ya huta. Iyafis a kunne.

Manhajar cire hayaniyar ta kyauta ce, ba ta da wayon kanta, sai an nuna mata. Ka nemo inda mai magana ya yi shiru, ka shata wurin, ka ce mata ga hayaniya nan, haddace ta. Sai ta bi sautin tun daga farko tana tsince irinta. Na yi wa masu tallan magani ya fi a ƙirga.

To ga wurin. Mama ta tsaya jan numfashi. Fanka na juyawa… famfo na zuba cikin bokiti… wata na cuɗa wanki, tana tari.

Wata? Ni ce.

Zanin gadonta nake wankewa — wanda ta ɓata da safe, ta juya fuska bango don kunya, na ce ba komai Mama, ruwa ne ya zube. Ni ce hayaniyar. Ni zan shata kaina da hannuna in ce wa na'ura: wannan, share ta.

"Autata, sanyin idona, kin ci abinci kuwa?"

Kin ci abinci! Ni da na ba ta nata a baki, cokali-cokali, tana turewa ina lallashi, an taɓa tambayata ko na ci? Ke kina can wata uwa duniya, kira sai kin ga dama, amma wayarki na shigowa sai ta gyara zama, muryarta ta koma ta yarinya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Kishi nake, eh. Da ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, a kan matar da ke kwance a ƙasa. Allah ya yafe min, amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Na danna. Fanka ta tafi — ita ƙararta ɗaya ce, ba ta canzawa. Famfon ya ragu. Tarina na nan daram. In ƙara ƙarfi? Na ƙara… na kuma ƙarawa… Yanzu babu ni. Amma Mama ta koma kamar mai magana cikin randa, ƙarshen kalmominta a gutsure. "Sanyin ido…" sauran ya nutse.

In tura miki haka? In ce iyakar abin da ya yiwu ke nan, wayar ce ba ta da kyau? Wa zai sani? Ki ji yadda ake samun uwa rabi-rabi…

A'a. Mayar. Mayar da shi yadda yake. Muryarta ce, ba taki ba ce.

Ni fa? Na bincike wayata kaf — ba ni da ko gaisuwa. Wa ke yi wa na gida saƙo? Ƙwala min kira kawai take daga ɗaki.

Tsaya. Me ta ce a nan? Kusa da ƙarshe muryar ta yi nisa, ta kawar da baki daga wayar…

"Ke! Rage famfon nan mana, ina magana da ƙanwarki."

Har da tsaki.

Wannan ba zai je wa jikoki ba, dole in yanke. Na shata shi. Yatsana na kan maɓallin gogewa… da ni take. A duk saƙon, nan kaɗai take magana da ni.

Maigida ya dawo, yana tambayar takardun mutane. Ina zuwa. Bari in sake ji… sau ɗaya kawai.

"Ke!"

Na'am, Mama.