Ƙwaryar Furar da Hawwa Ta Cika

Ranar da labarin ya iso mata, Hawwa tana shanya yankakken tumatir a tsakar gida. Maƙwabciyarta Indo ce ta leƙo ta saman katanga.

"Yaya Hawwa, kin ji? Wasu 'yan makaranta sun zo daga Kano, suna bi gida gida suna tambayar masu karkarwar hannu. Jiya a Bunkure suka wuni, yau an ce unguwarmu."

"Su yi musu me?"

"Oho. An dai ce ma'aikatan ruwa ne suka turo su. Duk wanda aka samu ba ya iya aiki, a karɓe filinsa na rani a ba wani."

Indo ta faɗa kamar hira, amma idonta yana kan ɗakin Dattijo, mijin Hawwa.

Tun kafin girbin alkamar bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ban ruwa kuwa aikin hannu ne. Manomi zai tsoma tiyo a kanal, wato magudanar ruwan rani, ya cika, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya fizgo shi kan gaɓa ya saki, sai ruwa ya bi zuwa gona. A da Dattijo ake kira ya tayar wa wasu nasu. Yanzu sai ya yi ta fama, iska tana shiga, ruwan yana tsayawa. Ya koma zuwa gona sai mutane sun watse. A hanyar masallaci hannun yana cikin aljihu. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wani ya ce iskar ruwa ce ta taɓa shi. Filin nan kuwa shi ne cinsu, 'ya'yansu duk mata ne, suna gidajen mazansu.

Da Hawwa ta gaya masa labarin, bai ɗago kai ba.

"In sun zo, gidan nan lafiya lau. Kin ji ni ko?"

"Na ji, Malam."

Bayan azahar 'yan makarantar suka yi sallama, su biyu. Saurayin cikinsu, Iliyasu, ya zauna a zaure tare da wakilin mai unguwa da ya rako su. Budurwar, Kubra, ta shigo cikin gida ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, mu ɗalibai ne, aikin likita muke koyo. Muna so mu ji abin da mutane suka sani game da wata cuta, Turawa suna ce mata Fakinsan."

"Fa me? Wannan ai sai ku."

Kubra ta yi dariya. "Ni ma na sha wuya kafin bakina ya saba. Hannu ne yake rawa in mutum yana zaune, kamar mai jan carbi. Tafiya ta koma ƙananan taku. Murya ta yi ƙasa. Fuska ta daina motsi, sai a zaci mutum fushi yake."

Hawwa ta tuna da fuskar Dattijo. Ta daɗe tana binciken laifin da ta yi masa, ganin ya daina mata fara'a.

"Ba iska ba ce?"

"Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. Daga ƙwaƙwalwa take. Ba ta warkewa, amma akwai maganin da yake sassauta ta a asibiti."

"Ma'aikatan ruwa ne suka aiko ku?"

"Wane ruwa kuma, Inna? Ni ko kanal yau na fara gani. Akwai mai irin wannan a gidan nan?"

"Gidan nan lafiya lau," in ji Hawwa.

Ta tashi ta shiga madafa ta hau dama fura. Ko yarinyar gaskiya ta faɗa, wakilin mai unguwa yana zaure, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. In ya gani, filin ya tafi. In ba wanda ya gani, yaran nan za su hau motarsu su tafi da abin da suka sani. Maganar miji kuma ba a tsallake ta a gaban baƙi.

Amma baƙo ba ya fita bai jiƙa maƙoshi ba, kuma mace ba ta kai wa maza a zaure. Maigida ne yake kaiwa. Ta daɗe ba ta cika masa ƙwarya ba, a rabi take tsayawa saboda hannun. Ranar ta zuba har fura ta taɓa baki, ta kai ƙofar ɗakinsa.

Dattijo ya dubi ƙwaryar, ya dube ta.

"Hawwa, wannan fa?"

"Baƙinka ne, Malam. A kai musu rabi?"

Ta zaci zai ce ta rage. Sai ya fito da hannun daga aljihu ya karɓa.

Ta bi shi a baya ta laɓe a jikin zana. Yana tafe hannun bai yi wani motsi ba, har ta ji rabin zuciyarta tana murna. Sai wakilin mai unguwa ya tsayar da shi da gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya alkama, yaya muka ji da ranar nan. Dattijo yana tsaye yana amsawa, ƙwarya a hannu. A nan karkarwar ta dawo. Fura ta fara zuba, ta gangaro gaban riga, ta ɗiga a kan tabarma.

Iliyasu ya miƙe ya tallabi ƙwaryar da hannu biyu.

"Baba, zauna mu sha tare. Tun yaushe hannun nan yake yi maka haka?"

Dattijo ya zauna. Ya faɗa masa.

Yaran ba su da haɗi da ma'aikatan ruwa, amma kafin magariba labari ya game unguwa. Da aka zo rabon filin rani, aka ce a hutar da Dattijo, aka ba wani filinsa. Tsakar gidan ta daina ganin tumatir. Hawwa ta kama surfe da sayar da ƙuli. Dattijo ya yi makonni bai ce mata komai ba sai abin da ya zama dole.

Asibiti kuwa ya je, Iliyasu ne ya tare shi a bakin ƙofa ya kai shi wurin likita. Maganin ya kwantar da hannun. Wata safiya ta yi tuntuɓe da tulu ta zauna daɓas cikin ruwa, sai ta ji dariya a bayanta, irin wadda ta manta da ita.

Ya ƙara shekaru masu dama kafin ciwon ya ci ƙarfin maganin. A ƙarshe ƙafarsa takan kafe a bakin ƙofa, ya kasa gaba ya kasa baya. Likita ya ce a riƙa yi masa tafi, ya bi sautin da ƙafa. Hawwa ta yi ta tafawa, yana tsokanarta wai ta mai da shi ɗan rawa da tsufansa.

Ya rasu da damina. Har yau, in ta fito da safe za ta tsallake dokin ƙofar ɗakin, sai ta tafa hannu a hankali, sannan ta wuce.